Doka Ta Huɗu a Filin Bayan Sito

A bayan babban siton da ake sauke siminti akwai wani fili na daɓe, rabinsa na manyan motoci ne, rabinsa na ƙwallon kwando. Kwandon ɗaya ne tak, a kan wani bututun ƙarfe da aka binne gindinsa cikin kankare, don haka duk ƙungiyoyi biyun a wuri ɗaya suke zubawa. A jikin katangar siton, daidai tsayin ido, an kafe wani faifan ƙarfe mai girman ƙofar ɗaki. Dokokin gasar unguwa ne a jikinsa. Ba da fenti aka rubuta su ba. Da wutar walda aka bi su harafi bayan harafi, har mutum zai iya rufe ido ya karanta da yatsa.

Mai waldan da ya rubuta su shagonsa na bakin hanyar da ke shiga siton. Shekarunsa hamsin da 'yan kai, gajere ne mai faɗin ƙirji, hannayensa duk tabon tartsatsi, idanunsa kullum ja. Ba shi da yawan magana. In ya haɗa ƙofa sai ya buɗe ya rufe sau goma kafin ya bari a ɗauka. Samarin yanzu Baba Mai Walda suke ce masa, amma waɗanda suka girme su sun san shi da wani suna, Guduma, kuma ba don gudumar shago aka sa masa ba.

Shekara ashirin da shida da suka wuce, a kan wannan daɓen, akwai wani siririn saurayi da ake kira Shirwa, don in ya tashi sama sai ka ce ya manta hanyar saukowa. Wata rana da yamma ya ci su Guduma sau shida a jere, kuma kowane ci sai ya shafa kan Guduma ya ce, "Sannu, gajere." A na bakwai mutum shida suka cure a ƙarƙashin kwando, kowa ido a sama. Shirwa ya tashi. Guduma bai tashi ba. Kafaɗa ya sunkuyar ya shiga ƙarƙashin ƙafafunsa, taku ɗaya kawai. Shirwa ya juya a iska ya sauko da ƙugu a kan daɓe, aka ji ƙara irin ta busasshen itacen da aka taka.

Yayyen Shirwa uku suna cikin 'yan kallo. "Wa ya yi? Wa ya yi?" Babu wanda ya gani. Akwai wani direban babbar mota, baƙo, da ya shiga wasan ranar don kawai a cika shida, kuma shi ne ya fi kusa da wanda ya faɗi. Shi suka kama. Da sarƙar keke suka dake shi har idonsa na hagu ya fashe, Guduma na tsaye, hannayensa a baya, bakinsa a rufe. Aka cusa direban cikin motarsa, wani ya ja shi, bai ƙara biyo hanyar ba. Washegari mai siton ya sa aka sare kwandon.

Guduma ne ya goyi Shirwa zuwa asibiti. Da aka sallamo shi da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, Guduma ne ya yanko bututu ya haɗa masa sandar dogarawa ta ƙarfe, da matashin roba a hammata. Mutane suka yi ta cewa aboki ke nan. Shirwa ya koyi ɗinki, ya kama shago daidai ƙetaren shagon walda, sunan Shirwa ya ɓace, ya koma tela. Tun daga nan kowace safiya sai sun taɓa juna.

"Mai walda, hayaƙinka na ɓata mini yadi!"

"Yadin naka da ma na labule ne."

"Zo in sake auna cikin nan naka, wandon bara ya kai ƙararka wurina."

Mai walda yakan yi dariya, ya sauke gilashi a kan fuskarsa, ya kunna wuta. A bayan baƙin gilashin nan babu mai ganin abin da fuskarsa ke yi.

Tun kafin faɗuwar Shirwa mai walda ya yi aure, ya haifi mata huɗu, sannan namiji ɗaya, Auta. Auta ya girma ya zama bakanike a garejin bakin titi. Ya ɗauko kafaɗun ubansa da zuciyar ubansa, ya ƙara da tsayin dangin uwa. Ƙwallon kwando ta shiga jininsa ba tare da kowa ya koya masa ba, kuma da yake filin sito a mace yake, bayan tasha yake zuwa, inda ba a tashi wasa sai an ga jini. Ran nan ya shigo gida da ɗinki bakwai a goshi yana washe baki.

"Baba, da ka ga ɗayan, da ba ka tausaya mini ba."

Uwarsa na tsakar gida tana shanya kaya. Ta bari ya shige ɗaki sannan ta juyo.

"Baban Auta, ka yi masa magana."

"Na yi."

"Ka dai yi wa ƙarfe. Wallahi wata rana a kwance za a kawo mana shi, kar ka ce ban gaya maka ba."

Mai walda ya fi ta sanin yadda ake kawo mutum a kwance. Ya san nauyinsa a baya, ya san yadda ƙafa ke lilo. Hana Auta wasa ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne ya dawo da wasan inda idonsa zai kai. Sati uku yana zarya wurin mai siton har ya yarda, ya kafa sabon bututu, ya lanƙwasa rodi ya yi kwando, ya ja layin baka, wato rabin da'ira a gaban kwandon, da farin fenti. Ba kofi yake nema ba, ba suna ba. Abu ɗaya ne a ransa: duk ranar da aka tashi wasa ya ga Auta ya fita daga filin nan da ƙafafunsa.

A ƙofar shagon tela aka zauna tsara dokoki. Akwai babban makanikan gareji, akwai shugaban 'yan dakon sito, wani ƙato da ake kira Buhu Biyu, don bai taɓa ɗaukar buhu ɗaya ya ce ya yi tafiya ba. Na farko ba su ba da wahala ba. Uku-uku ake bugawa, wanda ya riga kai maki goma sha ɗaya ya ci. In ƙwallo ta canja hannu sai an fita bayan layin baka kafin a kawo hari. Ta uku kuwa, duk wani kayan aiki, sifana ce, ƙugiyar dako ce, wuƙa ce, a jefa cikin duro a bakin ƙofa.

"Har da almakashina?" in ji tela.

"Shi ne ma na farko."

Aka zo kan alƙali. Babban makanikai ya ce alƙalin ƙarshe da aka sa a bayan tasha ya koma gida da usur a aljihu ɗaya, haƙora biyu a ɗayan. Babu mai son aikin. Sai mai walda ya ce shi a ganinsa kada a sa kowa. Wanda ya yi ƙeta, shi zai ɗaga hannu ya ce "Ni ne," kuma ƙwallo ba za ta motsa ba sai ya faɗa.

A yawancin wuraren da ake buga wasan nan ba alƙali, wanda aka yi wa ƙetar ne ke kira. Mai walda juya abin ya yi kai ƙasa, shi ya sa Buhu Biyu ya fashe da dariya har benci na rawa.

"Baba, ɓarawo za ka sa ya yi wa kansa ihu?"

"Wanda aka buge bai san wanda ya buge shi ba, idonsa na sama. Wanda ya buga shi ya sani."

Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa. "In ya ƙi faɗa fa?"

"A jira shi."

"In aka kai magariba?"

"A jira."

"In aka kai shekara?"

Tela da wasa ya faɗa, kowa ya yi dariya. Mai walda ya duƙa yana kakkaɓe wani abu daga takalminsa, ya daɗe bai ɗago ba.

Haka ta zama doka ta huɗu. Ta biyar ta ce in an faɗa, wanda aka yi wa ƙeta shi ke da ƙwallo, kuma shi kaɗai ke da magana, ba yayansa ba, ba abokinsa ba. Ta shida ta ce wanda ya fitar da jini da gangan ya bar filin har abada. Ta bakwai tela ne ya kawo ta: ba a zagin uwa. Da aka tambaye shi uba fa, ya ce faifan ya cika.

Abin mamaki, dokar ta yi aiki. Da an ji ƙarar mari a hannu ko an ga mutum ya kife, mai walda zai tako ya ɗora ƙafa a kan ƙwallo ya harɗe hannu. Rana na dukan kowa, 'yan kallo su fara tsaki, 'yan wasa su fara kallon juna, har mai laifin ya ga duk idanu na neman sauka a kansa. Mafi daɗewa da aka taɓa yi kwata na awa ne. Kalmar ta fita daga filin ta shiga gidaje. A gidan mai walda ma, in uwar Auta ta ce wa ya shanye ruwan sanyi ya mayar da gora ba komai, sai a ga hannu ya leƙo ta labule: "Ni ne." Auta kuwa ya fi kowa faɗinta a fili, ta cikin haƙora, ido a ƙasa, amma yana faɗa. Shekara uku yana fita da ƙafafunsa.

A shekara ta huɗu wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin makanikai da 'yan dako, ranar Asabar da yamma. Mutane sun cika har saman manyan motoci. Duron bakin ƙofa ya cika ya yi tozo da ƙarafa. Tela na kan bencinsa a wajen layi da alli da allo yana rubuta maki, don tun ranar da ya faɗi bai ƙara taka cikin daɓen ba. A ɓangaren makanikai akwai Auta, da mai gyaran wutar mota, da wani mai facin taya, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ta shiga rumfarsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. A ɓangaren 'yan dako akwai ƙanin Buhu Biyu, wani dogo da ake kira Tsani.

Sau uku Auta na tashi, sau uku Tsani na make ƙwallon daga hannunsa. A na ukun Tsani ya shafa kansa.

"Sannu, autan mama. Je ka sha nono ka dawo, muna jira."

"Doka ta bakwai!" wani ya yi ihu daga saman mota.

"Ban zage ta ba, aike na yi masa wurinta!"

Fili ya ɗauki dariya. Mai walda bai ji maganar sosai ba. Shafar kan ya gani, irin wadda Shirwa ya taɓa yi masa.

Aka kai tara da tara. Ƙwallo ta daki bakin kwando ta yi sama, mutum shida suka cure, kowa ido a sama. Mai walda kaɗai ne a filin nan da bai taɓa kallon ƙwallo ba, daga ƙugu zuwa kafaɗa yake kallo. Ya ga Auta ya kafa ƙafa, ya ɗan waiga, ya auna. Tsani na saukowa, Auta ya juya da duk nauyinsa ya sakar masa gwiwar hannu a baki. Kan Tsani ya koma baya, ƙafafunsa suka bar ƙasa, ƙeyarsa ta daki daɓe. Haƙora uku suka yi tsalle a kan siminti kamar tsakuwa. Mai faci ne ya fara duƙawa ya ɗago kansa, jinin ya wanke masa gaban riga.

Mai walda ya taka ya ɗora ƙafa a kan ƙwallo. Fili ya yi tsit, sai gurnanin Tsani. Mai walda ya dubi ɗansa. Auta na tsaye can gefe, hannayensa a baya, bakinsa a rufe. Haƙoran Tsani sun tsaga masa gwiwar hannu, jini na bin yatsunsa yana ɗiga a bayan dunduniyarsa inda babu mai gani.

"Muna jira," in ji mai walda.

Buhu Biyu bai jira ba. Da ya ga bakin ƙaninsa, sai ya juya ya nufi ƙofa ya sa ƙafa ya hamɓare duron. Ƙarafa suka watse a ƙasa da ƙara, kowa ya wawuri abin da hannunsa ya kai. 'Yan dako suka ɗebi ƙugiyoyi, makanikai suka ɗebi sifanu, wani dutse ya taso daga saman mota ya fasa kan mai gyaran wuta.

"Ga shi nan! Ga jini a jikinsa!"

Mai faci suka nuna. Ya miƙe yana ja da baya, ya ɗaga hannuwa biyu yana roƙo.

"Ba ni ne na..."

Ihu ya haɗiye "ba" ta farko, kuma kafin ya kai ta ƙarshe an rufe masa baki da naushi. Abin da mutane suka gani hannu ne a sama, abin da suka ji kalma biyu ce.

"Ya faɗa! Ya ce shi ne!"

Suka rufe shi. Ƙugiya ta kama kunnensa ta yage, wani ya sa masa sifana a haƙarƙari, ya faɗi ya naɗe kamar tabarma suna ta tattaka shi. Makanikai biyu da suka yi yunƙurin shiga aka yi jifa da su waje.

Mai walda na tsaye da ƙafa a kan ƙwallo, ya san abu biyu sarai. In ya nuna Auta, ƙugiyoyin nan a jikin ɗansa za su sauka, kuma ba da ƙafafunsa zai fita ba. In ya yi shiru, ya riga ya taɓa ganin ƙarshen wannan shirun, ya san har irin ƙarar da ido ke yi. Ya sake duban Auta. Auta na kallon mai faci, hannayensa na nan a baya.

Sai ya ɗauke ƙafarsa daga kan ƙwallon, abin da bai taɓa yi ba kafin a faɗa. Ya shiga tsakiyar fili, ya ɗaga hannun dama, ya buɗe muryar da yake magana da ita in injin gurza ƙarfe na aiki.

"Ni ne!"

Dukan ya tsaya, don mamaki kawai. Buhu Biyu ya juyo da guntun rodi a hannu, yana haki.

"Baba, matsa. Kai da ba ka cikin wasa."

Mai walda ba shi yake kallo ba. Benci yake kallo.

"Shirwa!"

Shekara ashirin da shida babu wanda ya kira sunan nan. Allin ya faɗi daga hannun tela.

"Ni ne na shiga ƙarƙashinka. Ba direban nan ba ne. Ni ne, da gangan."

Samarin ba su san wani direba ba, ba su san wani Shirwa ba. Abin da suka gani tsoho ne ya shiga tsakaninsu da wanda suke duka yana surutai.

"Ƙanina na kwance cikin jini kana ba mu labari?" Buhu Biyu ya ɗaga rodin. "Sauke hannun nan ka ba mu wuri!"

Bai sauke ba. Rodin ya same shi tsakanin wuyan hannu da gwiwa, ƙashin ya karye, hannun ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Mai walda ya yi wani nishi, ya ɗaga na hagu.

"Ni ne."

Na biyun a haƙarƙari ya sauka. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, jini na fita ta gefen bakinsa, hannun hagun na nan a sama. Wani ya tokare shi a baya ya kife, ya sake yunƙurawa ya ɗaga.

"Ku bar shi! Ku bar ubana!"

Auta ne. Ya keto mutane ya tsaya a kan uban, ya ɗaga hannunsa sama yadda kowa zai ga gwiwar a tsage, jini har hammata.

"Ni ne! Ku duba! Haƙoransa ne nan! Ni ne na buge shi, ba mai faci ba!"

Ba su ɓata lokaci ba. Mutum huɗu suka kayar da shi rigingine, biyu suka danne kafaɗunsa, ɗaya ya ja ƙafarsa ta dama ya miƙar. Buhu Biyu ya gyara tsayuwa a kan gwiwar ƙafar, ya riƙe rodin da hannu biyu. Mai walda na kwance da kunci a kan daɓe, yana gani, ya buɗe baki babu iskar da za ta fito.

Babu wanda ya lura da lokacin da tela ya tsallako layi. Sai dai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas na sandarsa a kan siminti, da sauri irin wanda ba a san yana da shi ba. Rodin na saukowa ya zura sandar a tsakani. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, sandar ta rabu biyu daidai wurin tsohuwar waldar, tela ya faɗi a kan ƙafafun Auta ya rungume su.

"To bismilla," ya ce yana haki. "Daki gurgu. Daki gurgu a gaban mutane, gobe a ba ka buhu uku."

Rodin ya tsaya a sama.

"Kawu, tashi," in ji Buhu Biyu.

"Da me zan tashi? Ka karya. Kai aka fasa wa baki? Kana wurin aka rubuta ta biyar, har shayina ka sha. An faɗa. Tunda an faɗa, magana ta Tsani ce, ba taka ba."

Idanu suka koma kan Tsani. An jingina shi da bututun kwando, riga a cuse a bakinsa ta jiƙe jawur. Ya daɗe yana kallonsu kamar bai san inda yake ba. Sannan ya dafa bututun ya miƙe, ya tako yana tangaɗi, ya yi wa waɗanda suka danne Auta alama su sake shi. Auta ya tashi tsaye, ya saki hannayensa a gefe. Tsani ya tofar da gudan jini, ya ja baya, ya zuba masa naushi ɗaya a baki da duk ƙarfin da ya rage masa. Leɓen Auta ya fashe, ya yi taga-taga, bai faɗi ba, bai kuma ɗaga hannu ba. Tsani ya juya wajen faifan ƙarfen da ke jikin katanga, ya nuna yatsu biyar, ya ƙara ɗaya, doka ta shida ke nan. Ya karɓe rodin daga hannun yayansa ya jefa cikin duro.

Aka ɗauki mai faci a baro. Tela na zaune a ƙasa da guntun sanda a kowane hannu lokacin da Auta ya duƙa zai goyi ubansa. Mai walda ya juyo da kai wajen tela da ƙyar.

"Ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Ba don kai na shigo ba." Tela bai ɗago ba, wurin karayar sandar yake dubawa. "Ni ga ni, kullum ina gabanka, shekara ashirin da shida kana ce mini ina kwana. Direban nan fa? Ina za ka same shi ka ɗaga masa hannu?"

Auta ya saɓa ubansa a baya ya miƙe. Daga can saman, da karyayyen hannu na lilo, mai walda ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafun ɗansa, dama, hagu, dama, hagu, har suka tsallake farin layin, suka wuce duron, suka fita ƙofa.

Ba a ƙarasa wasan ba, kuma kofin da mai walda ya haɗa da tsohon fistin ɗin mota yana nan a kan kanta yana tara tsatsa. Mai faci ya warke da rabin kunne, in ya hango Auta sai ya tsallaka titi. Auta bai ƙara taka filin ba, ko bayan tasha bai koma ba. Hannun mai walda ya haɗe a karkace, in ya ja layin walda sai ya fito kamar sawun tsutsa. Tela kuwa ya juya kekensa ya fuskanci bango, ya sa aka yanko masa sandar itace. Safiya ta riƙa wucewa tsakanin shagunan biyu babu mai cewa komai, sai ƙarar keke da ƙarar wuta.

Sati bakwai bayan haka mai walda ya zo buɗe shago ya tarar da guntayen sandar ƙarfen biyu a jingine da ƙofarsa, an ɗaure su da ƙyallen yadi. Ya duƙa ya ɗauke su. Ya shiga da su, ya gurje tsohuwar waldar har ƙarfen ya yi fari, ya matse su a maƙala, ya sauke gilashi. Aikin minti goma ya ci masa rabin yini, sau uku yana yankewa yana sakewa. Da Auta ya biyo da rana, ya miƙa masa ya ce ya tsallaka da ita.

Yana daga cikin shago yana kallo. Tela ya karɓa ba tare da ya juyo ba, ya bi wurin haɗin da babban yatsa, ya miƙe ya sa ta a hammata ya dogara, ya ƙara dogarawa da ƙarfi.

"Ka ce wa ubanka ta karkace."

Ya jingina sandar itacen a bayan ƙofa, ya ajiye ta ƙarfen kusa da ƙafarsa, ya ci gaba da ɗinki, fuskarsa na kallon bango.